Allurar Sinawa da Ciwon Karkarwa

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina so in ɗan yi muku magana a kan wani ciwo wanda da yawanmu mun taɓa ganinsa a jikin tsofaffinmu ba mu san sunansa ba, da kuma wani magani na mutanen Sin da a ke ta ba da labarinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ciwon nan ya shiga gidanmu, na kuwa ga yadda iyali kan rikice in aka ce musu ga magani can.

Likitoci suna kiransa cutar Parkinson. Sunan wani likita ne na birnin London, James Parkinson, wanda ya bayyana shi filla-filla cikin shekara ta 1817, bayan ya lura da mutum 6. Yawanci yakan fara da karkarwa a hannu ɗaya, sa'ad da mutum ya ke zaune ba ya aikin kome. Sannu sannu sai gaɓoɓi su sandare, tafiya ta zama ta jan ƙafa, murya ta yi ƙasa. Barci kan lalace, ciki kan ɗaure, ga yawan fargaba. Tushensa cikin ƙwaƙwalwa ya ke. Akwai waɗansu ƙwayoyi can ciki masu yin wani sinadari, sunansa dofamin, shi ne kamar manzo mai kai saƙo domin jiki ya motsa daidai. In ƙwayoyin nan suka dinga mutuwa, sai saƙo ya riƙa makara. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga wani. Ba ya duban ƙarfi ko suna. Muhammad Ali, zakaran damben duniya, an gane shi a jikinsa cikin 1984, ya zauna da shi har rasuwarsa cikin 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 fiye da mutum miliyan 8 da rabi su ke fama da shi.

Mu a gidanmu kawuna ya kama, tsohon hedimasta, wanda ya koya mini riƙon alli. A wasiƙunsa muka fara ganewa, gama rubutunsa mai kyau ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama kamar sawun tururuwa. Likita ya duba shi, ya sa shi a kan ƙwayar da a ke kira lebodofa. Ita wannan, ƙwaƙwalwa ce kan juya ta ta zama dofamin. Wani masani na ƙasar Swidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna aikinta a jikin dabbobi cikin 1957, sa'an nan cikin 1967 George Cotzias na New York ya nuna yadda za a ba mutane ita ta yi amfani. Takan saki jiki ƙwarai, amma ba ta tsai da ciwon, kuma kullum ne sai an sha. Kuɗinta kuwa ya yi wa gidanmu nauyi.

Da hutun ƙarshen shekara sai babban ɗan kawu ya zo da labarin wani mutum a birni mai yin allurar Sinawa. Wai ya ce in an bar ƙwayar Turawa, aka biya shi kuɗin wata uku gaba ɗaya, karkarwa ta tafi ke nan. Har an fara shawarar sayad da saniya. Ban ga laifinsu ba, gama wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Kawu dai ya dube ni, ya ce, "Ɗana, kai ne a makaranta. Tafi ka binciko mana tukuna." Na ce, "To, Kawu." Ga abin da na samo cikin littattafai da bakin likitansa.

Allurar nan, wadda Turawa kan kira akufanca, ta fi shekara 2,000 a ƙasar Sin. Ba irin ta asibiti ba ce, domin ba magani a cikinta, kuma ba kamar ƙahon wanzami ba ce, domin ba jini a ke fitarwa ba. Siririn ƙarfe ne kamar gashi, a kan kafa shi a fata, a bar shi wajen minti 20 ko 30, a zare. Masanan Sin na dā sun ce akwai wani ƙarfi mai zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, kamar ruwa cikin lambu, in ya toshe sai ciwo ya tashi. An lissafta wurare 361 na kafa allura. Likitocin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi cikin jiki ba, amma sun ga allurar tana taɓa jijiyoyi, har jiki ya fid da nasa abin rage zafi.

To, yaya a kan gane ko magani na aiki? Kamar yadda mu kan gwada sabuwar hanyar koyarwa ne, watau a raba aji biyu. A Kolorado ta Amurka, cikin 2016, an ba da sakamakon gwaji a kan masu ciwon nan 94 waɗanda gajiya ta dame su. An yi wa waɗansu allurar gaske, waɗansu kuwa ta kwaikwayo, ba su san wadda aka yi musu ba, har mako 6. Duka ɓangarorin biyu suka sami sauƙi, ba wanda ya fi wani. Ashe kulawa da sa rai su ma suna da nasu aiki. A birnin Guangzhou na Sin kuma, cikin 2022, an ba da na mutum 64 masu fargaba. Da aka gama mako 8 ba wani bambanci sosai, amma bayan wata biyu sai aka ga waɗanda aka yi wa ta gaske sun fi kwanciyar rai. Abin lura a nan shi ne, ba a ce wa mutanen nan su bar ƙwayoyinsu ba, kuma har yau ba gwajin da ya tabbatar allura na tsai da mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Da na koma gida na ba Kawu misali da abin da ya fi ni sani. Na ce allurar nan kamar monita ce cikin aji. Monita yakan share allo, ya raba littattafai, ya hana surutu, malami ya ji daɗin aiki. Amma wa ya taɓa sallamar malami don monita ya ƙware? Kawu ya yi ɗan murmushinsa, ya ce ya gane. Na kuma gaya musu gargaɗin likita, cewa wanda ya daɗe yana shan lebodofa, in ya bari farat ɗaya, jiki na iya sandarewa da zazzaɓi mai zafi, har rai ya salwanta. Nan aka bar zancen saniya.

Daga baya, da sanin likita, aka sami wata mata wadda ta koyi aikin sosai, ba ta kuwa yi alkawarin warkarwa ba. Tana yi masa saboda ciwon kafaɗa da rashin barci. Ya ce yana samun barci fiye da dā. Hannu dai yana karkarwarsa, yana shan ƙwayarsa a kan lokaci, kowace safiya kuma yakan taka zuwa bakin kasuwa ya komo, gama motsa jiki na cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna taimako.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a rarraba mu ƙauyuka, kun kuwa san malamin makaranta shi a kan kawo wa kowace irin tambaya. In an tambaye ku wannan, ku ce a fara zuwa asibiti, gama ba kowace karkarwa ce Parkinson ba. In ana son allura, a gaya wa likita, balle in mutum na shan maganin tsinka jini. A tabbata mai yi ya koya, domin in aka nutsa allura da yawa a ƙirji tana iya huda huhu. A ga an ɓare sabuwa a gaban ido, gama allurar da aka yi wa wani tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Duk wanda kuwa ya ce a zubad da ƙwaya shi zai warkar, a yi sallama da shi tun kuɗi na aljihu. Taimako abu ne mai kyau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kada wahala ta sa mu saki reshe mu kama ganye. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri.