Sabon ma'aikacin samari: me ya taɓa yi kafin ya zo?

Jama'a, in an turo sabon ma'aikaci ƙauye, tambaya biyu ake yi. Ɗan wane ne? Me ya zo da shi? Akwai ta uku da ba a cika yi ba: wane aiki ya taɓa yi kafin ya zo?

Bana an ƙara ma wata cibiyar yaƙi da jahilci ta jahar Maraɗi mutum ɗaya. An ɗauke shi don ya kula da samari. Kun san halin da ake ciki. Farkon rani samari su rubuta suna, aji ya cika. Kafin wata biyu a neme su a rasa. Wasu sun tafi Kano, wasu Agadas, wasu har Libiya ko Aljeriya. Sai dattawa da mata suka rage bisa tabarma. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Cibiyar da ba ta riƙe samari ba, aikinta rabi ne.

Mutumin ba shi da manyan takardu. Ɗan manomi ne, kuma a gidan ɗan samariya ya tashi. Dattawa ba su manta samariya ba. Tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Hausa, da sarkin samarinta da gayyarta. Bayan da Seyni Kunce ya hau mulki a 1974, gwamnati ta raya ta a ko'ina cikin ƙasa. Samari sun gina azuzuwa, sun gyara hanyoyi, sun noma gonar taro, sun yi wasan kwaikwayo a dandali. Amma da gwamnati ta riƙe ta, sai ta zama kamar tata. Mulki ya sauya, aka yi babban taron ƙasa a 1991, samariya ta lafa. Uban wannan ma'aikaci yana cikin masu buga tubali a lokacin. Abin da ya riƙa gaya ma ɗansa shi ne, ajin da samarin gari suka ce a gina, shi ake yi ma yaɓe kowace shekara. Wanda aka ce musu su gina, damana ta cinye shi.

Shi ɗan bai tarar da samariya ba. Fada ya tarar. Tun shekarun 1990 samari suka koma zama fada, a gindin icce ko bakin hanya, da butar shayi da rediyo. Manya na cewa zaman banza ne. Wani lokaci gaskiyarsu. Amma a fada ya fara riƙon kuɗin mutane. Kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk mako. In matar wani ta haihu ko uban wani ya kwanta, a cira a ba shi. Shi ke rubutawa, don shi kaɗai ya yi lakwal cikinsu. Wanda ya riƙe dala biyar ta abokansa shekara da shekaru ba a ji kansa da kowa ba, ya ci jarrabawar da babu takardarta.

Daga nan wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke shi aikin raya karkara. Aikin gyaran faƙo ne. Samari suna haƙa rabin wata da tassa a ƙasar da ta mutu, don ruwan sama ya tsaya. Ana biyan su kowane mako. Fili ya cika da mutane, ƙura na tashi, baƙi suka zo suka ɗauki hoto. Ranar da kuɗin furoje suka ƙare, ba wanda ya koma. Ramu suka cike da rairayi. Samarin ba ragwaye ba ne. Filin ba na kowa ba ne cikinsu, ba a gaya musu wanda zai ci amfaninsa ba. Ƙwadago suka zo yi, kuma sun yi.

Irin wannan ya taɓa faruwa a jahar Maraɗi. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna ma manoma su bar kututturan gawo da kalgo da sabara su tofo cikin gona, a rage rassa, a bar masu ƙarfi. Shi ne ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka karɓa. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun sami itacen wuta, da abincin dabbobi, da garkuwar iska. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka kwaikwaya, ba wanda ya biya su. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sabon ma'aikacin ya san wannan labari, kuma a gonar ubansa ya koyi sassaben.

Aikinsa na ƙarshe kafin ya zo, da mata ya yi shi. Kun san Mata Masu Dubara. Ƙungiyar CARE ce ta fara abin a jahar Maraɗi a 1991. Mata su taru duk mako, kowa ta zuba nata cikin akwati. Mai bukata ta ranta, ta mayar da ɗan ƙari. In lokaci ya cika a raba. Ba a kawo musu kuɗi daga waje. Da yawansu ba su iya rubutu ba, da ka suke riƙe lissafi, kuma ba ya ɓacewa. Yau ana yin irinsa a ƙasashe da yawa na Afirka. Shi nasa aikin, ya koya musu tsari, sannan ya ja baya. Wannan ja da baya ya fi komai wuya ga ma'aikaci. Da yawa suna so a ce in ba su, babu.

To, da wannan guzuri ya zo. Bai zauna aji yana jiran samari ba. Bayan isha'i yakan bi su fada da ɗan allonsa. Bai fara da a, ba, ca ba. Ya fara da abin da ke aljihunsu. Yadda ake karanta saƙo a waya. Yadda ake rubuta lamba in za a aiko kuɗi gida, kada su faɗa hannun wani. Yadda ake duba sikeli ranar sayar da wake. Yadda mai ƙwadago zai rubuta kwanakin aikinsa, don kada mai gida ya ce ashirin ne alhali talatin ne.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani dattijo ya tambaye shi: "Ɗana, ina mota? Ina shinkafa?" Ya ce: "Baba, ban zo da ko ɗaya ba." Wasu samari da suka ji ba a biyan kuɗin zama sun daina zuwa. Kada kuma a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ba zai hana cin rani ba. Saurayin da rumbun gidansu ya ƙare tun ana sanyi, ba allo zai tsayar da shi ba. Abin da ma'aikacin ke nema, in za su tafi, su tafi da karatu, in sun dawo su tarar da akwatin fadarsu da kuɗi ciki.

Akwai inda saninsa ya gaza. Duk aikinsa da manoma ya yi shi. Bai san rayuwar makiyaya ba. Ƴaƴan Fulani da na Buzaye ba su zama fada da dare, suna wurin bisashe. Ajin cikin gari ba ya kai gare su, kuma maganar burtali da mashaya ta fi damun su bisa maganar sikeli. Ya je wurin arɗo ya gaishe shi, ya nemi shawara. Arɗo ya ce in yana son yaran, ya same su bakin rijiya da hantsi, lokacin shayar da shanu, kuma ya zo da mai jin Fulatanci. Sun aje rana bayan kasuwa mai zuwa.