Hanyar Dodoru da Gilashi a Kwance

Idan kun kai ziyara hubbaren Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a garin Gwandu, kada ku yi saurin juyawa gida, ku leƙa ƙauyukan da ke kewaye. Dodoru na ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwandu a Jihar Kebbi, ƙasar gero da dawa da wake. Da ka bar kwalta ka kama hanyar gonaki, yashi ne da burji, sai amalanke da babura. Irin wannan hanya muka bi bayan kaka a cikin wata tsohuwar Land Rover marar rufi, gilashinta na gaba kwance a kan bonet.

Kada ku zaci lalacewa ya yi, haka aka ƙera motar. Dabarar ta yi fice ne a jif ɗin sojojin Amurka, ƙirar Willys, wadda aka fara yi da yawa a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Idan an kwantar da gilashin, motar takan rage tsayi, ta yi sauƙin lodawa a jirgin ruwa, kuma gilashin ba zai yi walƙiya a rana abokan gaba su hango daga nesa ba. Da Ingila ta fito da Land Rover a 1948, sai ta ɗauki wannan tsari. Gilashin nata guda biyu ne miƙaƙƙu a firam ɗaya, da hinji a gindinsa kamar na ƙofa.

Tafiya a haka akwai daɗi da sassafe. Babu abin da ya raba ka da gari: ƙanshin karan da aka yanke, kukan jaki, sallamar manoma masu ɗaurin dami, har ka amsa ba sai ka leƙa ta taga ba. Ni dai ban taɓa ganin rumbuna da kyau kamar ranar ba.

Amma da hantsi ya yi, iskar hunturu ta taso, ga wata motar kaya a gabanmu tana tayar da ƙura. Ido ya cika da ƙasa, haƙori na ƙas-ƙas. Direba ya tsaya gindin wata kuka.

"Samari, mutum biyu su zo su kama mini."

"To Baba, ta ina za mu riƙe?"

Bai bari mun taɓa ba sai da ya kwance maɗaurin da ke riƙe firam ɗin a bonet, ya sa tsumma ya share yashin da ya taru a kan robar gindin gilashin. Ya ce idan aka bar yashi a nan, firam ba zai zauna daidai ba, da damina kuma ruwa ya riƙa zuba a ƙafar direba. Sannan ɗaya ya tsaya dama, ɗaya hagu, muka riƙe ƙarfen, ba gilashin ba, muka ɗaga tare a hankali. Dalili kuwa, in gefe guda ya riga ɗaya tashi, firam ya murɗe, gilashi na iya tsagewa, ga shi ba a ƙauye ake samun wani ba. Muna tallafe da shi ya ɗaure noti biyu ta ciki, ya girgiza ya ji babu motsi, sannan ya goge shi.

Duka aikin bai kai minti biyar ba. Muka shiga Dodoru ana kiran sallar azahar, gira da gashin ido fari fat, yara na bin motar da gudu.