Jarka Uku da Suka Koya Mini Hankali

Motata ta mutu a hanyar Zariya, kaɗan da wuce Jaji, da hantsin wata Talata cikin daminar 2022. Mahaifiyata na zaune a baya riƙe da katin asibiti, domin ranar ce likita ya ba ta a Shika bayan doguwar jira. Tun daga gadar Kawo injin yake shaƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi, in taka totur ya ƙi amsawa, amma na yi ta lallaɓawa har ya ɗauke gaba ɗaya. Kafin mu samu motar haya mu isa, an tashi daga ganin marasa lafiya, aka ɗaga mata zuwa wani watan. Hajiya ba ta ce komai ba sai, "Allah Ya sa hakan ne mafi alheri." Ni kuwa na san yadda ƙafafunta suke hana ta barci.

Da hannuna na jawo wannan, kuma sai da na zalunci wani kafin na yarda.

Motar Peugeot ce mai injin dizal, 'yar Beljiyom, na saye ta don ba ta shan mai. To, man gas, kamar yadda muke kiransa, ba ya cikin tallafin gwamnati. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022, litar da muke saye ƙasa da naira 300 a farkon shekara ta haura naira 700 kafin damina ta yi nisa. Mai albashi irina ya ji a jikinsa.

A lokacin ina da ɗan karatu a kan man da ake yi daga tsirrai. Na san cewa a bajekolin birnin Faris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. Na san Indunusiya a 2020 ta fara zuba kashi 30 cikin ɗari na bayodizal ɗin manja a man motocinta. Na san Najeriya ma ta fitar da manufa a 2007 da burin kaiwa kashi 20, har aka yi ta zancen noman bini-da-zugu. Duk gaskiya ne, kuma nakan ba da labarinsu a majalisarmu ta Unguwar Dosa ana jinjina mini. Don haka da wani aboki ya ce akwai mai sayar da "bayodizal" a wajejen Mando, wanda ake haɗawa daga man suya da aka gama amfani da shi, kuma da rangwame mai tsoka, ban je a matsayin mai tambaya ba. Na je ne a matsayin masani. Ban tambayi yadda aka yi shi ba, ko kashi nawa ne a ciki, ko wa ya gwada shi. Na shinshina, na ji ɗan ƙamshin man ƙosai, na ɗauka shaida ke nan. Na sayi jarka uku masu lita 25, na jibge su a shagon gida inda danshin damina ke shiga, na yi fiye da wata ina ɗura wa mota da mazurari.

Motar ta yi mini gargaɗi. Ta fara wuyar tashi da safe, ƙarfinta ya ragu. Na kai ta garejin da na saba a Kurmin Mashi, yaron maigidan ya canza mata filtar mai, ban kuma faɗa wa kowa abin da nake zuba mata ba. Kwana huɗu bayan nan muka kama hanyar Shika.

Da aka jawo motar zuwa gareji, kan yaron nan na sauke fushina. Bai wuce shekara 17 ba. A gaban abokan aikinsa da masu jiran gyara na ce jabun filta ya sa mini ya soke canjin. Bai ce uffan ba, idanunsa dai suka ciko. Maigidansa, dattijon da ya tsufa a kan injin dizal, ya ce, "Malam, yi haƙuri zuwa gobe." Ya zuƙo mai daga tankina ya cika wata farar gora, ya ajiye a kan kanta.

Da safe gorar ta yi magana. Ruwa ya kwanta a ƙasa, wani dalala mai kama da kunun da ya kwana ya tsaya a kansa, man da ke sama kuma yana warin kananzir. Dattijon ya yanka filtar a gabana: sabuwa ce, mai kyau, amma ta toshe da danƙo. Ya dube ni ya ce, "Malam, a ina kake shan mai?"

Abin da na saya ba bayodizal ba ne. Tsohon man suya ne aka tace sama-sama, aka tsinka shi da kananzir, aka ƙara ɗan gas don launi. Bayodizal na gaskiya sai an tace man, an ƙone ruwan da ke cikinsa, an haɗa shi da sinadarin metanol da soda, sannan giliserin, wato abin nan mai kauri da ake sawa a sabulu da man shafawa, ya ware a cire shi, a wanke, a busar, a gwada. Idan ba a bi wannan hanya ba, ɗanyen man tsirrai ya fi dizal kauri kusan sau goma. Injinan da na karanta labarinsu na 1900 manya ne masu tafiya a hankali. Na zamani yana tura mai da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 1,500, ta ƙofofin nozul masu sirantar gashin kai. Mai kauri ba ya fesuwa, sai ya ƙone rabi ya bar danƙo. Kuma man da kansa ne ke sa wa famfon injin santsi. Kananzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Abokan gaba uku na tara wa injin a tanki ɗaya.

Ko na gaskiyar ma da ma'auni ake sha. A Turai, inda motata ta fito, dizal ɗin gidajen mai na yau da kullum bai wuce kashi 7 cikin ɗari na bayodizal ba, shi ya sa ake rubuta B7 a jikin famfo. Lambar da ke bayan harafin ita ce kason. Yana da alheri: yana ƙara santsi, yana rage baƙin hayaƙi, kusan babu farar wuta a cikinsa. Yana kuma da halinsa: yana jan danshi, ba ya son dogon ajiya, yana kankare tsohon dattin tanki ya tura shi filta, idan ya yi yawa kuma yana cin robobin tsofaffin motoci. Wannan rabin karatun ne ban yi ba. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Nozul huɗu da famfo da wankin tanki sun cinye fiye da albashina na wata biyu. Amma kafin in yi maganar kuɗi, na nemi a kira yaron, a wurin da na ci mutuncinsa, a gaban mutanen da suka ji. Na ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Na fahimci cewa girman kan da ya hana ni tambayar mai jarka shi ne ya sa na zargi yaron: na fi yarda wani ya yi sata da in yarda ban sani ba. Da dare na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta ce, "Kai da za ka ɗauki rai a mota, me ya kai ka neman araha a abin da ba ka gani da ido?"

Mu mutanen Kaduna muna da dalilin yin hattara. Matatar man da ke ƙetaren kogi, wadda aka buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, ta daɗe ba ta ba mu mai ba, don haka abin da muke sha tankoki ne ke kawo shi daga kudu, yana bi ta hannaye da yawa. A watan Fabrairun 2022 ɗin nan aka gano fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi daga Beljiyom, ya lalata motoci ya jawo dogayen layuka. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta bankaɗo yadda ake sayar wa ƙasashen Afirka dizal mai farar wuta da ta ninka abin da Turai ta yarda da shi sau ɗaruruwa. Idan man da ya biyo ta jirgin ruwa da takardu zai iya zuwa haka, ina ga na jarkar da ba ta da uba?

Yanzu gidan mai ɗaya nake sha, mai ciniki sosai wanda mansa ba ya daɗewa a ƙasa, kuma ina karɓar rasit. Ba na shan mai lokacin da tanka ke saukewa, don dattin ƙasan rijiyar yana tasowa. Ba na ajiye gas a gida. Ina canza filta a kan lokaci, ina sa a zubar da ruwan da ta tara. Har gobe ina fatan ganin bayodizal na gaskiya a Arewa, ƙasar gyaɗa da waken suya da angurya, amma a famfo, da lambarsa a rubuce, da hukumar da ta gwada shi. Duk wanda ya ce maka nasa bayodizal ne, tambaye shi kashi nawa, wa ya yi, wa ya auna. In ya rasa amsa, ka bar masa abinsa.

Yaron nan shi ke duba mini motar har yau, ba na ba wa kowa. Na taɓa roƙon maigidansa ya ba ni gorar in ajiye don tunawa. Ya ce a'a, ta fi amfani a inda take. Tana nan a kan kanta, kuma duk wanda ya shigo yana yabon wani mai mai araha, sai dattijon ya ɗauko ta ya ɗaga masa a hasken rana.