Kruszyniany, Ƙauyen Tatar a Bakin Iyakar Poland

Daga Białystok, mota takan bi ta cikin dajin Knyszyn har ta ɓulla Krynki, hedikwatar wata ƙaramar hukuma a arewa maso gabashin Poland. Garin ba shi da girma, amma tituna 12 ne suka haɗu a dandalinsa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawancin mazaunansa Yahudawa ne, kuma da jima aka san shi. 'Yan Nazi suka hallaka su, sana'ar ma ta bi su.

Ni dai ƙauyen Kruszyniany ne ya kawo ni, can kudu kaɗan, dab da iyakar Belarus. Titi guda ne dogo, gidajen katako dama da hagu, ga cocin Orthodox. A cikin bishiyoyi kuma ga wani gini na katako, kore shar, mai 'yan hasumiyoyi. Baƙo zai rantse coci ne, sai ya ɗaga kai ya ga jinjirin wata. Masallaci ne, tun ƙarni na 18 yake tsaye, kuma duk ƙasar babu wanda ya girme shi. A ciki an shimfiɗa darduma, ga mumbari, ga ɓangaren mata daban.

Bashi ne ya kafa Musulunci a nan. Sojojin Tatar Musulmi sun yi wa masarautar Poland yaƙi a kan dawaki, albashi ya maƙale, sai Sarki Jan Sobieski na Uku ya biya su da gonaki a 1679. Kruszyniany ta faɗa hannun Kanar Samuel Murza Krzeczowski, wanda ake cewa ya ceci ran sarkin a yaƙin Párkány a 1683.

Harshen Tatar ya daɗe da ɓacewa a bakinsu. Abin da ya fi burge ni shi ne tsofaffin littattafansu na addini: harshen Poland da na Belarus ne, an rubuta da baƙaƙen Larabci, tamkar ajaminmu. Tatar ɗin da suka rage a ƙauyen 'yan gidaje ne kawai, sauran suna birni. Ranar Babbar Sallah suke dawowa, sai kuma in rai ya yi halinsa, a kawo mutum maƙabartar da ke kan tudu bayan masallaci.

Yanzu baƙi ne abincin ƙauyen. Yarima Charles na Ingila ma ya leƙo a 2010. Da rikicin 'yan gudun hijira ya ɓarke a iyaka a 2021, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta hana baƙi shiga, masu masauki da gidajen abinci suka ji a jika.

In ka je, nemi pierekaczewnik: ƙullun fulawa ne da ake murzawa siriri, a shafe da mai, a jera hawa-hawa, a zuba nama, a naɗe a gasa. Aikinsa na cin sa'o'i, don haka ka yi oda tun da safe.