Bashin Da Baba Bai Ci Ba

Da na je hutu Kebbe, na iske Baba a zaure riƙe da takarda. Wai an yi kuskure, wata 14 ana biyansa fansho fiye da haƙƙinsa, za a riƙa yankewa. Kuɗin kuwa tuni sun zama gero da kuɗin makarantata.

Muka tafi Tambuwal wurin wani tsohon akawu. Ya ce sashe na 210 na tsarin mulkin 1999 ya kare fanshon ma'aikacin jiha, amma rara ba haƙƙi ba ce. Sai dai roƙo: Baba bai yi ƙarya ba, kuskuren na ofis ne, kuma da fanshon yake ci da gida.

Ni na rubuta takardar. Ba su yafe ba, sun dai rage yankan. Tun ran nan ban ƙara tambayarsa kuɗin littafi ba.