Ruwan Bakolori: albarkarsa da abin da uwa za ta kula da shi

'Yar'uwa, idan kin taso daga Gusau za ki Sakkwato, kada ki bari barci ya ɗauke ki idan an doshi Talata Mafara. Leƙa ta taga. Ko da tsakiyar rani ne, ƙasa ta bushe ƙamas, za ki hangi gonaki kore shar: shinkafa a nan, tumatir da albasa a can. Albarkar madatsar ruwa ta Bakolori ke nan, wadda aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, aka tsara ta don shayar da kadada kusan 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun.

Na kwana uku a gidan goggona a Mafara, na kuma dace da ranar Talata, ranar da kasuwar garin ke ci. Tun da hantsi motoci suka cika hanya, ga buhunan shinkafa, ga kifin madatsa ɗanye da banda, ga awaki da tumaki. Mata da yawa ba sa fitowa, amma hannunsu na cikin kasuwar: su ke gumin shinkafa a cikin gida, su ke soya ƙuli da awara. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara sun kawo ɗalibai, ɗalibai kuma sun kawo haya da cinikin abinci. Haka Bakura take da kwalejinta ta aikin gona.

Sai dai wannan ruwa bai zo a sauƙaƙe ba. Tsofaffi ba su manta da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da aka karɓe wa gonaki suka fito neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka da dama suka salwanta. Yau kuma ga matsalar tsaro. Tun sace 'yan matan makarantar Jangebe a 2021, kowace uwa a nan ta san fargaba. Da zan je Maradun, goggo ta ce, "Ki tafi da safe, ki dawo kafin la'asar."

A wannan hanya ce na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Yara birjik a cikin magudanar ruwan noma, wasu na iyo, 'yan mata na wanki, ƙannensu na wasa a gefe. Abin sha'awa ne ga mai wucewa. Ni kuwa da nake aikin jinya, gabana ya faɗi.

Da daddare wata maƙwabciyar goggo ta shigo da ɗanta, bai fi shekara tara ba. Ta ce, "Malama, idan ya yi fitsari sai jini ya biyo a ƙarshe, amma an ce mini alamar girma ce." Na ce mata, "Yaya, tsargiya ce, kuma tana da magani."

Ki riƙe wannan, 'yar'uwa. Ƙwayar tsargiya tana girma ne a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Idan aka bar ta, takan jawo ƙarancin jini, ta lalata mafitsara, ta kuma taɓa mahaifar 'ya mace. Gwajin fitsari a asibiti ya isa a gano ta, maganinta kuma praziquantel ne. Idan an zo rabonsa a makaranta, kada ki hana ɗanki sha, ki dai tabbatar ya ci abinci tukuna. Gidan sauro kuma a ɗaura shi rani da damina, domin inda ruwa ke kwance sauro ba ya hutu.

Na san faɗa ya fi yi sauƙi. Uwar da unguwarsu ba rijiyar burtsatse, ina za ta tura yara wanki? Shi ya sa idan masu neman ƙuri'a suka zo ƙofar gida, ki tambaye su ruwan sha da magani a asibitin unguwa kafin atamfa.

Ranar da zan tafi, maƙwabciyar nan ta leƙo da mayafinta a kafaɗa, tana riƙe da hannun yaron. Asibiti za su.