Hannun mai ciwon hanta

Idan aka ce wane yana da ciwon hanta, idonsa mutane ke leƙawa su ga ko shawara ta fito, sai kuma cikinsa. Ba kasafai ake duban hannu ba, alhali sau da yawa shi ke fara kai ƙara. Murfin gorar ruwa ya gagara buɗewa. Mace ta matse wanki, a shanya yana ɗiga kamar ba a taɓa shi ba. Musabaha ba ta tona wannan asiri, domin gaisuwarmu dama ba ta matse hannu ba ce, taɓawa ce a kai ƙirji.

Dalilin yana cikin aikin hanta. Ita ce rumbun jiki, tana ajiye sukarin da za a ci cikin dare. In ta daɗe da ciwo har ta taurare da tabo, ajiyar ba ta kaiwa asuba, sai jiki ya koma cin tsokarsa. Dare ɗaya ba abinci ga irin wannan majinyaci ya yi kusa da yunwar kwana biyu zuwa uku ga mai lafiya. Damtse ya zube, naman da ke gindin babban yatsa ya lotsa. Sikeli kuwa ruɗi yake yi, don ruwan da ya taru a ciki da ƙafafu yana cike gurbin naman da ya tafi. Shi ya sa likitoci ke miƙa wa majinyaci wata 'yar na'ura ya damƙe da iya ƙarfinsa. A ma'aunin da masanan Turai suka fitar a 2019, damƙar da ta gaza kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ce.

A nan ne nake ganin masu jinya na cutar da nasu da kyakkyawar niyya. Da an ji hanta, sai a hana nama, a hana ƙwai, a hana wake, a bar bawan Allah da kunu. Tsohuwar shawara ce da asibiti ma ya bari. Yanzu abin da ake so shi ne furotin giram 1.2 zuwa 1.5 kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, a ci kaɗan-kaɗan, a kuma sa wani abu a baki kafin a kwanta. Gishiri ne ake rage wa mai kumburi.

Sai dai ƙarfi daban, iya sarrafa yatsu daban. Tela na iya ɗaga kan keke amma zare ya ƙi shiga allura. Mai shago ya ƙirga canji sau uku, maɓallin riga ya zama aiki, sa hannun da banki ya sani shekara da shekaru ya fara karkacewa. Wannan ba daga tsoka yake ba, daga ƙwaƙwalwa ne. Amoniyar da hanji ke fitarwa, wadda hanta ya kamata ta tace, ita ce ke zagayawa ta kai sama. Tsoka ma tana taya kwashe ta, don haka wanda ya rame ya fi saurin rikicewa.

Gwajin ba shi da tsada. A ce majinyaci ya miƙe hannuwansa, ya tanƙwasa tafin baya, ya ware yatsu. Idan hannun yana faɗuwa yana zabura da kansa, alama ce da likitoci biyu a Amurka, Adams da Foley, suka bayyana tun 1949. Akan kuma ba shi takarda ya haɗa lambobi 1 zuwa 25 da biro ana duba agogo, ko ya zana tauraro.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma a cikinsu akwai masu riƙe da sitiyari da kan babur. Wanda iyalinsa suka ga yana barci da rana yana farke da dare, cokali na suɓuce masa, ba kasala ba ce, ba kuma iska ba. A karɓe makullin, a tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida, domin taurin ciki na daga cikin abubuwan da ke tayar da wannan rikicewa, sannan a kai shi asibiti a ranar.